Tubular Bells a Kan Dandamali Ba Tare da Mai Shi Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Tun daga 2021 makaɗa ke yawo gari-gari a Birtaniya da sauran ƙasashen Turai suna kaɗa faifan Tubular Bells daga farkonsa har ƙarshensa a gaban jama'a. Masu shirin sayen tikiti da waɗanda suka ci karo da bidiyon wasan a intanet kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne. Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa waɗanda suka shafi yadda ake aikin kansa.

Mene ne Tubular Bells, kuma wa ya yi shi?

Faifan kiɗa ne na Mike Oldfield, ɗan Ingila haifaffen garin Reading, wanda ya fito ranar 25 ga Mayu, 1973. Tsawonsa kusan minti 49 ne, an raba shi kashi biyu, kowane kashi ya cika fuska ɗaya ta faifan garmaho. Ba waƙoƙi ba ne a jere. Kiɗa ne zalla mai tafiya ba tsayawa, yana sauya launi daga fiyano zuwa jita, daga sanyi zuwa zafi. Oldfield yana ɗan shekara 19 ya naɗe shi, kuma shi ya kaɗa kusan dukkan kayan kiɗan da ke ciki da hannunsa.

Shi ne faifai na farko da kamfanin Virgin Records na Richard Branson ya fitar, bayan kamfanoni da dama sun ƙi karɓarsa don a ganinsu abin da babu murya kuma babu ganga sosai ba zai sayu ba. Sai ga shi ya yi sama da shekara biyar a jerin faya-fayen da aka fi saye a Birtaniya. A watan Oktoban 1974 ya hau matsayi na ɗaya, kuma faifan da ya ture daga wurin na Oldfield ɗin ne, wato na biyunsa, Hergest Ridge. A 1975 ya samu lambar yabo ta Grammy. Kuɗin da ya kawo su ne tubalin farko na daular kasuwancin Branson.

Shi Mike Oldfield yana hawa dandamali a waɗannan wasannin?

A'a, kuma wannan ne abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa. Wasan karramawa ne: wasu makaɗa ne ke kaɗa aikinsa don girmama shi da kuma kai kiɗan kunnen masu son jin sa kai tsaye. Oldfield ya daɗe da komawa tsibirin Bahamas da zama. Faifansa na ƙarshe, Return to Ommadawn, ya fito a 2017, kuma a 2023 kamfanin da ke fitar da ayyukansa ya sanar cewa ya ajiye aiki.

Sunansa yana fitowa ɓaro-ɓaro a allunan talla domin aikin nasa ne, shi ya sa wasu ke ruɗewa. Mai shirya wasa na gaskiya yakan rubuta sunan jagoran makaɗan a fili. Idan ka ga tallar da ta ɓoye wannan bayani, ka yi tambaya kafin ka biya.

Ƙungiya ɗaya ce ke yin wasan ko suna da yawa?

Suna da yawa, amma uku ne suka fi shahara. Na farko shi ne na Robin A. Smith, mai tsara kiɗa kuma makaɗin fiyano, wanda ya fara a zauren Royal Festival Hall da ke Landan a watan Agustan 2021, sannan ya zagaya biranen Birtaniya a 2023. Smith ba baƙo ba ne a wannan gida. Ya yi aiki da Oldfield tun wasan Tubular Bells II, ci gaban faifan na asali, a fadar Edinbara a 1992, da na Tubular Bells III a filin Horse Guards Parade a 1998, har zuwa bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012. Duk wanda ya yi wa mutum hidima shekara ashirin ya san abin da mutumin ke so da abin da ba ya so, kuma ana jin wannan a tsarinsa.

Na biyu shi ne wasan da babbar ƙungiyar makaɗa ta Royal Philharmonic Concert Orchestra ta yi a Landan a 2022, inda goge da ƙahonni suka ɗauki nauyin abin da jita ke ɗauka a faifan asali. Na uku ya sha bamban da su gaba ɗaya: Tubular Bells for Two, wanda 'yan Ostireliya biyu, Daniel Holdsworth da Aidan Roberts, suka ƙirƙiro, su biyu rak suna kaɗa kayan kiɗa sama da 20. An yi bayanin yadda suke iya hakan a amsar da ta shafi adadin makaɗa.

Me ya sa aka yi bikin cika shekara 50 a 2021, aka kuma sake yi a 2023?

Domin lissafin biyu ne. A 1971 Oldfield ya fara naɗar gwajin kiɗan a ɗakinsa da ke unguwar Tottenham a Landan, da wata rakoda da Kevin Ayers, shugaban ƙungiyar da yake kaɗa wa jitar bes, ya ba shi aro. Wasan 2021 daga nan ya ƙirga. Na 2023 kuma daga ranar fitowar faifan.

Ta yaya mutum ɗaya ya kaɗa kaya masu yawa haka a faifai guda?

Ɗaya bayan ɗaya ya kaɗa su. A situdiyon The Manor da ke ƙauyen Shipton-on-Cherwell kusa da Oxford akwai na'urar naɗa mai layi 16. Sai ya naɗi fiyano a layi ɗaya, a mai da zaren baya, ya sa abin ji a kunne yana sauraron fiyanon yana kaɗa jitar bes a layi na biyu, a sake mayarwa ya ɗora ogan, haka har layukan su cika. In sun cika sai a haɗe wasu a layi guda don a samu wurin ƙara wasu. Tom Newman da Simon Heyworth ne suka zauna da shi a kan na'urar. Kashi na farko a mako ɗaya aka naɗe shi, cikin Nuwamban 1972, don iyakar lokacin da Branson ya ba shi ke nan. Kashi na biyu kuwa a hankali aka yi shi a farkon 1973, a lokutan da babu mai amfani da situdiyon.

Akwai kuma dabarun zare. Wata jitar an naɗe ta ne zaren yana tafiya da rabin gudunsa, da aka mai da shi daidai sai sautin ya yi sama, ya yi sauri fiye da yadda yatsun ɗan Adam za su iya. Wannan dabara ce ke ba masu wasan karramawa ciwon kai, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna. Ba kuma komai ne ya yi shi kaɗai ba: Jon Field ya busa sarewa, Lindsay Cooper ya kaɗa babban goge, Steve Broughton ya buga ganguna a wuri ɗaya, yayarsa Sally Oldfield da Mundy Ellis suka yi amshi mara kalmomi.

To makaɗa nawa ake buƙata kafin a kaɗa shi kai tsaye?

Ya danganta da abin da jagoran ya yarda ya bari. A faifan akwai wuraren da jita huɗu ko biyar ke magana lokaci guda, duk hannu ɗaya ne ya kaɗa su. Mai tsara kiɗan dandamali dole ya zauna ya rarrabe waɗannan layuka da kunne, ya ga wanne ne ƙashin baya, wanne ne ado, sannan ya raba su ga mutanen da yake da su. Ƙungiya irin ta Smith ba ta da yawa: masu jita, mai bes, masu fiyano da madannan lantarki, masu ganguna da kayan bugawa, mai goge, da mawaƙiya. Kowannensu yana riƙe da aikin mutum biyu ko uku, yana ajiye wannan ya ɗauki wancan kiɗa na tafiya. Jitar nan mai ninkin sauri kuwa wasu sukan kaɗa ta a can ƙarshen wuyan jita inda sauti ya fi siriri, wasu su bi ta na'urar ɗaga sauti, wasu su miƙa ta ga madannan lantarki.

Su Holdsworth da Roberts wata hanya suka bi. Suna amfani da na'urar da ake takawa da ƙafa, wadda ke kama ɗan guntun kiɗan da mutum ya kaɗa yanzu ta riƙa maimaita shi. Sai mutum ya kaɗa layin bes, ya taka, na'ura ta riƙe masa, ya ruga ya kama jita. Za ka gan su ba takalmi, ɗaya na kaɗa madannai da hannu ɗaya jita rataye a wuya, ɗayan na tsallake wayoyi don ya isa ganga kafin lokacinta ya wuce. Mutane sukan yi dariya, amma aikin ba na wasa ba ne. Abin da Oldfield ya yi cikin makonni yana tsayawa yana gyarawa, su suna yin sa cikin minti 50 babu damar tsayawa, kuma a ganina babu wasan da ya fi nasu nuna wa ido yawan layukan da ke kwance a cikin faifan.

Wace irin ƙararrawa ce aka sa wa faifan sunanta?

Tubular bells a Turance na nufin ƙararrawar bututu. Bututun ƙarfe ne dogaye, tsawonsu daban-daban, rataye a jere a jikin wani firam mai tsayi. Ana bugun kowanne a samansa da ƙaramar guduma, akwai kuma abin takawa da ke kashe amon. Tun ƙarni na 19 manyan ƙungiyoyin makaɗan Turai ke amfani da su in suna son amon ƙararrawar coci ba tare da ɗauko ƙatuwar ƙararrawa ba. Oldfield ya tarar da su ne a The Manor ana shirin kwashewa bayan mawaƙi John Cale ya gama nasa aikin, ya roƙa a bar masa. Da gudumar da aka saba ta kasa ba shi ƙarar da yake so, sai ya ɗauko gudumar ƙarfe ya buga har bututun ya tsage. Lanƙwasasshen bututun da ke bangon faifan, wanda mai ɗaukar hoto Trevor Key ya tsara, daga wannan ɓarna tunaninsa ya samo asali.

A dandamali galibi akan ajiye su a baya inda kowa zai gani, kuma sai an yi sama da minti 20 ana kiɗa kafin a kai ga babban bugunsu. Jama'a suna kallonsu tun farko suna jira. Wannan jiran wani abu ne da mai sauraron faifai a gida ba ya samu.

Wane ne mutumin da ke kiran sunayen kayan kiɗa a ƙarshen kashi na farko?

A faifan asali Vivian Stanshall ne, mawaƙin ƙungiyar Bonzo Dog Doo-Dah Band, wanda ya zo The Manor don nasa aikin Oldfield ya roƙe shi. A mintunan ƙarshe na kashi na farko jitar bes tana kama wani zagaye guda tana maimaitawa, sai murya ta kira sunan abin kiɗa, abin ya shigo ya kaɗa amon, a kira na gaba ya hau kansa. Da babban fiyano ake farawa, a bi ta ogan, jitoci iri-iri da mandolin, har a ƙare da ƙararrawar. Aikinsa ya yi kama da na sanƙira a filin biki: ba shi ke kiɗan ba, amma kiransa ne ke ɗaga wanda aka kira.

Stanshall ya rasu a 1995. Da Oldfield ya sake naɗar faifan a 2003, ɗan wasan barkwanci John Cleese ne ya yi kiran. A wasan ƙungiyar Royal Philharmonic na 2022 ɗan wasan kwaikwayo Brian Blessed aka ba. Wasu ƙungiyoyin sukan sa ɗaya daga cikin makaɗan ya kira, wasu su saki muryar da aka naɗa. Na fi son a ba mutum mai rai, domin shi yana iya jan numfashi ya jinkirta kiran ƙarshe daidai da yadda zauren ya ɗauki zafi a daren.

Ba shi ne kiɗan fim ɗin ban tsoron nan ba?

Farkonsa ne kawai. Darakta William Friedkin ya ɗauki ɗan guntun fiyanon buɗewa ya sa a fim ɗin The Exorcist, wanda ya fito a Disambar 1973, wata bakwai bayan faifan. Ba don fim aka tsara kiɗan ba, kuma abin da aka ɗauka ɗan kaɗan ne. Sai dai fim ɗin ne ya buɗe wa faifan kasuwar Amurka, har aka yanko guntun aka sayar da shi shi kaɗai ba da yardar Oldfield ba. Wanda ya je wasan yana tsammanin dare na firgici zai tarar da wani abu daban, don mafi yawan kiɗan mai taushi ne, wani wurin ma na raha.

Minti 49 babu waƙa, mutum ba zai gaji ba? Me ya kamata in saurara?

Wanda ya saba kalmomi su riƙe masa hankali zai ji baƙunta a mintunan farko, wannan gaskiya ne. Abin da ke taimakawa shi ne sanin cewa kiɗan yana tafiya ne ta hanyar maimaici da ƙari. Akan kafa ɗan gajeren amo, a maimaita shi har ya zauna a kunne, sannan a ɗora masa wani a kai, sai na farkon ya koma ƙasa ya zama shimfiɗa. In ka bi wannan, za ka ga kowane minti akwai sabon baƙo da ya shigo.

Fara da fiyanon buɗewa. Yawancin kiɗan zamani bugunsa huɗu-huɗu ne, ko takwas, ko 16. Wannan a 15 yake zagayowa, an cire bugu ɗaya. Shi ya sa in ka yi ƙoƙarin bin sa da ƙafa sai ka ga ya riga ka dawowa, kuma shi ya sa yake hana zuciya sakewa ko da yake sautin mai laushi ne. Ga makaɗa wannan wuri jarrabawa ce: mai fiyano yana maimaita zagayen na mintuna, sauran suna shigowa a kansa ɗaya-ɗaya, in mutum ɗaya ya ɓata ƙirga duk ginin ya karkace. A faifai na'ura ta riƙe komai a wurinsa. A dandamali za ka ga suna kallon juna, suna gyaɗa kai, wani na ƙirgawa da leɓe.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin kiɗan. Oldfield ya sha faɗa a fili cewa a shekarun nan yana fama da firgita da tsananin damuwa, mahaifiyarsa kuma ta daɗe tana jinyar taɓin hankali, kuma kiɗa ne mafakar da ya samu. Ba dole ne mutum ya san wannan ba kafin ya ji daɗin aikin, amma wanda ya sani zai gane dalilin da natsuwa da hargitsi ke bin juna a ciki ba sallama.

Mene ne gurnanin nan da ake ji a kashi na biyu?

Kashi na biyu ya fi na farko sanyi. Yana farawa da jitoci marasa lantarki suna hira a hankali, ya wuce wurin da aka sa jitar lantarki ta yi kuka irin na algaitar Sikotlan, sannan kwatsam ganguna su shigo da wata murya mai kaushi tana gurnani ba kalma ko ɗaya. Oldfield ne da kansa. An matsa masa ya sa murya a faifan don a samu abin sakawa a rediyo, ransa ya ɓaci, ya shiga ya yi ta ihu a makirfo, aka sauya gudun zaren har muryar ta yi ƙasa. Nan ne kaɗai ake jin cikakkun ganguna a duk faifan.

Ƙungiyoyin karramawa sun rabu a kan wannan wuri. Wasu suna yin gurnanin yadda yake, wasu suna rage shi ko su ba jita aikinsa. Ni ina ganin cire shi asara ce, domin fushin gaske ne na yaro ɗan shekara 19 da aka taɓa masa aiki, kuma sanyin ogan da ke biyo bayansa ba ya yin tasiri in ba a ji zafin ba tukuna. Daga nan faifan yana rufewa da Sailor's Hornpipe, tsohon kiɗan rawar matuƙan jirgin ruwa na Ingila, ana ƙara masa sauri har ƙarshe. A zaure nan ne jama'a ke tafi suna bin sa.

Oldfield ya taɓa kaɗa faifan a gaban jama'a da kansa?

Ya taɓa, amma da ƙyar aka shawo kansa. Wata ɗaya bayan fitowar faifan, ranar 25 ga Yuni, 1973, aka shirya wasa a zauren Queen Elizabeth Hall. Oldfield ya so ya fasa saboda tsoro, sai da Branson ya yi masa alkawarin motarsa ƙirar Bentley. Makaɗa irin su Mick Taylor na Rolling Stones, Steve Hillage, Fred Frith, Kevin Ayers da David Bedford suka taya shi. Jama'a sun miƙe tsaye suna tafi, shi kuwa ya sauka yana ganin an ɓata aikin. A ƙarshen shekarar ya sake kaɗa kashi na farko a situdiyon BBC, daga nan bai fita yawon wasa ba sai 1979, lokacin da ya ɗauki makaɗa da mawaƙa kusan 50, tafiyar da ta jawo masa asarar kuɗi.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai tunanin wasan karramawa jabu ne. Tun daren farko, duk lokacin da aka kaɗa Tubular Bells kai tsaye, hannayen wasu ne suka ɗauki mafi yawansa, don mai shi hannu biyu gare shi. Kuma Royal Festival Hall, inda Smith ya fara nasa a 2021, maƙwabcin Queen Elizabeth Hall ne, duk a harabar Southbank ɗaya a bakin kogin Thames.

Dole ne wasan ya yi daidai da faifan, sauti bisa sauti?

A nan masoya faifan suka fi sa-in-sa. Wasu sun haddace shi tun suna yara, sun san inda kowace jita ke shigowa, kuma duk abin da aka canja suna jin sa kamar an taɓa musu kayan gado. Ina girmama wannan. Amma a duba abin da ya faru da mai aikin kansa. Shekaru yana jin haushin kurakuran faifan 1973, wuraren da jita ba ta saitu ba da inda bugu ya ɗan kauce saboda gaggawar mako ɗaya. Yarjejeniyarsa da Virgin ta hana shi sake naɗa har tsawon shekara 25. Da ya samu dama ya fitar da Tubular Bells 2003, komai tsaf, komai a saiti. Duk da haka na 1973 mutane suka ci gaba da nema, da kurakuransa.

Abin da wannan ke nuna mini shi ne ran kiɗan ba a cikar sauti yake ba. Yana cikin jin cewa mutum ne ke ƙoƙarin ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Don haka ma'aunin da nake auna wasan karramawa da shi abu uku ne. Shin an bi tsarin tafiyar daga farko zuwa ƙarshe ba a yanke ba? Shin an bar wuraren sanyi sun yi sanyi, ba a cika su da ƙara don tsoron kada jama'a su gaji ba? Shin hawan ƙarshen kashi na farko ya taru a hankali, har bugun ƙararrawa ya zo a matsayin abin da aka yi wa tanadi? In an samu waɗannan, sauya goge a wurin ogan ko ƙara muryar mawaƙiya ba laifi ba ne.

Sautin jitar Oldfield ne kaɗai abin da ba ya ɗaukar sassauci. Da farce yake kaɗawa, ba da ɗan robar da masu jita ke riƙewa ba, kuma yana girgiza tsirkiya irin ta mai goge, abin da ke ba jitarsa wata murya siririya mai rawa. Mai jitar da ya zo da salon kowa-da-kowa zai kaɗa duk sautukan daidai amma masu sauraro su ji baƙo. Shi ya sa kasancewar Jay Stapley a ƙungiyar Smith ke da daraja, don ya tsaya kusa da Oldfield a dandamalin Edinbara a 1992.

Me ya kawo 'yan alkafura cikin wasan 2021?

A Royal Festival Hall an haɗa makaɗan da ƙungiyar Circa ta birnin Brisbane, masu wasan tsalle da hawa kan juna da lilo a igiya. Tunanin shi ne a ba ido abin kallo tunda babu mawaƙin da zai tsaya a gaba. Ƙwararru ne, amma ra'ayi ya rabu, domin in mutum na tsaye a kafaɗar wani a sama, zuciyar mai kallo tana wurinsa, kunne kuma ya bar kiɗan. Ni ina tare da masu cewa hannun makaɗan ya isa abin kallo, musamman ga wanda ya karanta amsar da ke sama kan yadda ake raba layukan.

Ana sakin wani ɓangare daga na'ura ne, ko duk da hannu ake kaɗawa?

A wasannin zamani da yawa, ba na wannan faifan kaɗai ba, makaɗa suna sa abin ji a kunne mai ba su bugun ƙirga, wani lokaci kuma kwamfuta na sakin ƙananan layukan da babu hannun da zai ɗauka. Ga aiki mai layuka da yawa irin wannan, kaɗan daga ciki abin fahimta ne. Inda matsala take shi ne in ƙashin bayan kiɗan daga kwamfuta yake fitowa, mutane kuma suna tsaye suna raka shi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in ka ji wani abin kiɗa ya fito fili, nemi wanda ke kaɗa shi da ido. A wurin kiran sunaye, da aka yi bayaninsa a sama, babu wurin ɓuya, domin duk abin da aka kira dole a ga mai shi.

Na'urar maimaici ta 'yan Ostireliyan nan ba ta cikin wannan zargi. Abin da take maimaitawa a gabanka aka kaɗa shi, in da kuskure a ciki shi ma zai yi ta dawowa har a kashe.

Ana buƙatar izinin Oldfield kafin a yi irin wannan wasa?

Kaɗa aikin wani a bainar jama'a yana ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka. A Birtaniya zaurukan wasa suna da lasisi daga hukumar PRS for Music, wadda ke karɓar kaso daga kuɗin tikiti ta miƙa wa mai aikin, don haka ƙungiya ba ta buƙatar rubuta wa Oldfield wasiƙa kafin ta kaɗa kiɗansa a zaure mai lasisi. Amfani da hoton bangon faifan a talla, ko sakin muryar Stanshall daga faifan asali, ko naɗar wasan a sayar, ko nuna cewa mai aikin ya sa albarka, kowannensu izininsa daban. Wasu ƙasashen ma suna da hukumomi masu irin wannan aiki, kuma mai shirya wasa can zai fara tuntuɓa.

Yaya daren yake kasancewa, kuma yaushe ake tafi?

Tunda faifan bai kai awa ɗaya ba, akan cika daren da wasu ayyukan. A wasan Smith rabin farko na wasu kaɗe-kaɗen Oldfield ne, har da waƙarsa ta 1983, Moonlight Shadow, sai a tafi hutu, a dawo a kaɗa Tubular Bells gaba ɗayansa. Ana tafi a ƙarshen kashi na farko da ƙarshen na biyu. Akwai tarko ɗaya: bayan bugun ƙararrawa kashi na farko bai ƙare ba, saura 'yar jita mara lantarki da ke saukar da shi a hankali, kuma masu gaggawar tafi sukan binne ta. Ka jira mai jitar ya ɗaga hannunsa. Waya kuma a bar ta a aljihu, don haskenta yana damun na kusa a wuraren sanyi, zauruka da yawa ma sun hana ɗauka. Wurin zama mafi kyau ga kunne shi ne tsakiya, kusa da teburin mai daidaita sauti.

Wanda ba zai iya zuwa ba, daga ina zai fara?

Daga faifan 1973, da abin ji a kunne biyu, a zama ɗaya ba tare da tsallakewa ba, domin an rarraba kayan kiɗan hagu da dama kuma lasifikar waya tana haɗe su wuri guda. Bayan nan ka nemi wasan situdiyon BBC da aka ambata a amsar da ta shafi wasannin Oldfield na kansa, inda za ka gan shi zaune cikin makaɗa yana sauya jita da bes. Sannan ka kalli na mutum biyun Ostireliya ka kwatanta yadda suka raba layukan da yadda babbar ƙungiya ta raba su. Mai son jin yadda goge da ƙahonni ke ɗaukar aikin kuma akwai The Orchestral Tubular Bells na 1975, wanda David Bedford ya tsara wa ƙungiyar Royal Philharmonic Orchestra.